Tururuwa Uku a Cikin Ludayi

Wayyo Bara'atu! Ranar da aka dawo da ita daga asibitin Nasara a kan jaki, ƙirjinta naɗe da farin ƙyalle, ko ruwan sannu da zuwa ba ta sha ba aka raba ta da ɗiyarta. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, mutanen Ƙofar Marke kuwa ba su taɓa jin an yanke wa mace nono ta tashi da ranta ba. Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu tana goyon wata uku. An sha rubutu, an yi turare, wanzami ya yi ƙaho har sau biyu, kumburin sai ƙara tauri yake. Da mijinta Mani mahauci ya ga abin ya fi ƙarfinsu, sai ya runtse ido ya kai ta wurin likita, likita ya cire nonon ɗungurungum. Kwana ashirin ta yi a can tana shayar da jaririyarta Sakinatu da na dama, tafintan asibitin ma ya gaya mata likita ya ce ta ci gaba, babu komai.

To amma a gida akwai Tasalla, yayar Mani, wadda aurenta na uku ya mutu ta dawo gidan ƙane da zama. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ranar suna idonta yake kan yarinyar nan. Mata sun cika tsakar gida ana yi wa Bara'atu sannu, Sakinatu ta fara kukan yunwa, uwar ta kai hannu za ta ɗaga zane, sai Tasalla ta tare ta.

"Dakata! Daji ya ci guda, wa ya san abin da ya bari cikin gudan? A gwada nonon ga tukuna."

Babu wadda ta musa, don al'ada ce sananniya: idan ana shakkar nonon mace, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa. In ta iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, ba a ba jariri. Aikin Inno ne, tsohuwar ungozomar unguwa, sai dai Inno ta tafi Wurno wankan jegon jikarta. Tasalla ta shiga ɗaki ta fito da ludayinta, aka tatsa, aka jefa tururuwa uku... Innalillahi! Suka ɗan motsa ƙafafu, suka nannaɗe, shi ke nan. Mata suka ɗauki salati.

"Yaya," in ji Bara'atu, "kwana ashirin hwa tana sha, ba abin da ya same ta..."

"Dafin daji ba rana ɗaya shike kisa ba. Ko so kike ki kashe muna ɗiya?"

Ta sunkuce yarinyar ta goya, ta shige ɗakinta.

Wa zai tsaya wa Bara'atu? Marainiya ce, ba uwa ba uba. Ga shi Sakinatu ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta da bakin kira a gaban mutane, balle ta yi kukan a ba ta abarta. Sai a ce ba ta da kunya. Mani kuwa, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa. Da safe ya ce likita ya fi kowa sani, da rana in ya dawo daga mahauta ya ce ai da idonsa ya ga tururuwa sun mutu. Haka ya yi ta kai da kawo tsakanin ɗakuna biyu, bai tsinana komai ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Hannunta na hagu ya kumbura ba ya ɗaguwa, ba ta iya daka, ba ta iya jan guga, ɗaurin zani ma sai ta haɗa da haƙori. Tasalla ta ware mata akushi da moɗa, ta hana ta taɓa ko tsumman yarinya. Nonon dama ya cika ya yi tam yana zogi, sai ta laɓe bayan rumbu ta tatse shi a ƙasa tana hawaye, tana jiyo kukan ɗiyarta ana ɗura mata kunu da madarar akuya. Wata rana ta duba ƙasa, sai ta ga tururuwa sun yi cincirindo a kan abin da ta tatsa, suna sha suna wucewa abinsu, ko ɗaya ba ta faɗi ba! Ta murje ido ta sake dubawa. To wanne ne gaskiya, na ludayi ko na ƙasa? Ta samu Mani a zaure ta gaya masa. Tasalla da ke bayan zana ta kwashe da dariya.

"Ka ji ko? Nasara sun yanke nono, sun haɗa da hankali. Hira take da tururuwa yanzu!"

Tun daga nan Bara'atu ta fara shakkar idonta. Ko dai ta zauce ne? Ko ƙasa ce ke shanye dafin? In ta sace ɗiyar ta ba ta nono, ta mutu a hannunta fa? In kuma ta bari, ga zawo ya kama yarinya, maɗiga ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Sai ta ɗaga hannu guda mai ɗaguwa ta ce, "Ya Allah, ban san komi ba, kai ka sani. In dafi gare ni, ka tsare ta daga gare ni. In babu, ka nuna."

Ran kwana na goma sha biyu Inno ta dawo. Ta shigo yin sannu, ta ɗaga Sakinatu ta ji ta sakayau, ranta ya ɓaci.

"Wa ya yi gwajin ga ba ni nan? A tara mata bayan azahar, a sake."

Tasalla ko a jikinta. Da mata suka taru ta fito da ludayinta tana taƙama. Inno ta karɓa ta jujjuya shi, ta wuce Bara'atu, ta miƙa wa maƙwabciyarsu Ashatu, wadda ɗanta ya yi ɓul-ɓul har goyonsa ke ba ta wahala.

"Ashatu, ke hwara tatsa muna naki."

"Nawa kuma, Inno? Mi ya samu nawa?"

"Tatsa dai."

Aka tatsa, aka jefa tururuwa uku. Suka nannaɗe suka mutu! Inno ta zubar, ta kai ludayin hanci ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Ruwan taba da kanwa! An jiƙa shi ya sha ya ƙoshi. Tasalla, ba ki ji tsoron Allah ba?"

Ta sa aka kawo sabon ludayi daga gidan Ashatu, Bara'atu ta tatsa. Tururuwa ta farko ta iyo ta kama baki ta fita, ta biyu ta bi ta, ta uku ta ɗan yi jinkiri... sannan ita ma ta haye ta sauka ƙasa. Allahu Akbar! Guɗa ta kaure.

Tasalla ta zube tana kururuwa. "Ni dai goyo nike so! Na ɗauka mutuwa za ta yi, in riƙe ɗiyar..." Mani, da aka kira daga zaure, ya tsaya yana hawaye kamar ba namiji ba.

"Yaya, jinina kika so kashewa. Ki tattara kayanki, yau ba ki kwana gidan ga."

Kafin la'asar ta fita da ƙunshinta a ka zuwa ƙauyen kawunsu, mata na tofar da yawu a bayanta, ba ta sake taka bikin kowa a unguwar ba. Mani ya durƙusa gaban matarsa yana neman gafara, ita kuwa ko ganinsa ba ta yi, don Inno ta riga ta ɗora mata Sakinatu a cinya.

Yarinya ta kau da kai. Aka sake kai mata, ta sake kaucewa tana ɗan kukanta marar ƙarfi. Bara'atu ta juya ga Inno. "Inno, ta manta ni... wallahi ta manta ni!" Tsohuwa ta ɗiga wa yarinyar digo biyu a leɓe. Ta lasa, ta yi shiru, ta buɗe ido ta dubi uwarta, sai ta cafke nonon da ƙarfin da babu wanda ya zaci ya rage mata, har ana jin haɗiyarta daga bakin ƙofa. Bara'atu ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

"To, ya isa hakanan," in ji Inno, tana share nata idon da gefen gyale. "Kina jiƙa mata kai. Bar ta ta sha."