Mai Sanda da Ɗan Mai Goge

Ranar da Tamsin ta kama aikin jagorar wata ƙungiyar makaɗa a birnin Hobart, wato mai ba su umarni da 'yar sanda, ta shiga ɗakin takardun kiɗa neman fensir. Dario, mai kula da takardun, ya zaro na bayan kunnensa ya miƙa mata, ya ma manta da gaisuwa.

"Kurma ne kai?" ta ce tana dariya.

"A'a, yau ne dai kawai."

Kafin wata uku saƙonnin soyayya sun kankama tsakaninsu.

"Mai Sandata, kin ci abinci kuwa, ko iska kike ta kaɗawa tun safe?"

"Fensirina, kawo min kifi da dankali ka daina surutu."

Da maganar aure ta taso, matsalar ita ce mahaifin Dario, Enzo, shugaban masu goge, shekararsa talatin a kujerar gaba. A wurin gwaji Tamsin ta yi kuskuren da jagora ba ya yi. Maimakon ta yi wa masu goge gyara a dunƙule, sai ta kama suna.

"Enzo, ka makara a kiɗan."

Sai a gida tsohon ya sauke fushinsa a kan Dario.

"Wadda ta tsinka ni gaban abokan aikina ce za ta zama surukata? Ba da yawuna ba."

"Baba, amma ai ka makara ɗin."

"Na sani! Shi ya fi min ciwo."

Dario ya daina barci sosai. Ba zai yi aure babansa na fushi ba, ba kuma zai iya rabuwa da ita ba. Tamsin ta je har gida ta ba da haƙuri, Enzo ya ba ta kofi kawai, bai ce ya huce ba.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi babban wasa. Dario na bayan labule yana kallo. Tamsin ta ɗaga sandarta, makaɗa sittin suka ja numfashi tare. Bai taɓa jin sun yi kiɗa haka ba, har ƙirjinsa ya cika.

Da aka gama, tafi ya ɓarke. Ta yi wa makaɗan alamar su miƙe a raba yabon, yadda aka saba. A al'ada sai shugaban masu goge ya tashi sannan sauran ke tashi, amma Enzo sai ya gyara zama. Ta sake ɗaga hannu. Ya girgiza kai, ya shiga buga sandar gogensa a kan takarda, sauran suka bi shi. Babu girmamawar da ta wuce wannan a wurin makaɗa: sun bar mata tafin ita kaɗai.

Ta sunkuya ta kama hannunsa, idonta jawur.

"Baba, don Allah tashi."

"Na ƙi, 'yata. Juya ki karɓi abinki. Ki kuma ce wa sakaran can ya sa rana."

An ɗaura auren a watan Maris a bakin teku, Enzo ne ya yi musu kiɗa yana share hawaye. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.