Wanda Ya Tura Motar Tsoho

Wanda ya saci motar tsohon nan ba shi da imani, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Ya shiga gidan mutumin da ke zaune shi kaɗai, da rana tsaka, yana barci, ya ɗauke abu ɗaya da ke fitar da shi cikin mutane, ya ƙona, sannan ya naɗe hannu yana kallo aka kama wani.

An tsinci motar a gindin gangare, bayan layin gidan. 'Yan kwana-kwana sun kashe wutar, amma bayanta ya riga ya ƙone. Tsohuwar mota ce, irin wadda ba a ƙerawa yanzu. Tsoho ya saye ta sabuwa a shekarar da ya yi aure, matar ta rasu ta bar shi da ita. Da kayan gyaranta suka ƙare a kasuwa, wani bakanike ya cire injin bara, ya sa mata na lantarki. Ya jera batura a but, wurin kaya na baya, ya dasa soket ɗin caji a ramin da ake zuba mai, ya bar murfin yadda yake. Daga waje ba ka ganin bambanci.

Kafin Sufeto ya iso ofishin 'yan sanda, Kofur ya riga ya kulle bakaniken. Babban ɗan tsoho ne ya kawo ƙara. Yana tsaye a bakin kanta cikin babbar riga, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuna ɗakin tsarewa.

"Shi ke da makulli na biyu. Ya ɗauko ta ne ya kwashe baturansa ya sayar, wayoyinsa na banza suka kama da wuta. Ya mai da Baba saniyar tatsa."

Sufeto mutum ne mai ƙarancin magana, shi kaɗai yake cin abincinsa a ofis, ya kuma koma ɗakin haya da babu mai jiransa. Ya sa aka fito da bakaniken.

"Kana da makulli?"

"Ina da shi, ranka ya daɗe."

"Ina kake da rana?"

"A gareji."

"Wa ya gan ka?"

"Babu. Ni kaɗai nake aiki."

"An ce kusan kullum kana gidan. Me ke kai ka?"

"Duba batir."

"Batir kullum?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Batir lafiyarsa lau. Shi nake dubawa. In ban je ba, sai ya wuni bai yi magana da kowa ba bayan mai girki ta tafi."

Sufeto ya sa aka mai da shi, ya tafi wurin motar. Ya zagaya ta a hankali. Makulli na nan a jikin sitiyari. Murfin mai a buɗe yake. Ya durƙusa ya shinshina, warin fetur ya doke shi. A cikin kwata ya ga jarka ta narke rabi. Ya bi sawun taya ya hau gangaren har cikin gidan. Tsakar gidan rairayi ne, kuma tsakanin sawun tayoyin akwai sawun takalmi, gabansa ya nutse, irin na mai dogara ƙarfinsa a kan abu mai nauyi. Tura ta aka yi tun daga rumfa har ƙofa.

Mai girki na zaune a bakin kicin, ta yi tagumi.

"Iya, kin san inda ake ajiye makulli?"

"A gwangwanin shayi, bisa kanta. Tun marigayiya na da rai nan ne wurinsa."

"Kin san abin da aka yi wa motar?"

"Ni da nake jona mata waya kamar salula? Ɗan nan, har kasuwa yake kai ni a ciki. Na ce masa, Baba, wannan ai fatalwa ce, tana tafiya ba numfashi."

Tela na ƙetaren titi ya ce bai ga kowa ba, ya sauke labule saboda rana, kekensa na aiki.

"Da can in tsoho ya tayar da ita sai allurata ta kauce. Duk layin nan mun san ƙararta. Yanzu sai dai ka ga ta wuce kamar kyanwa. Ranar da aka gama aikin har zagaye ya yi da mu."

Sufeto ya sami tsoho a rumfar motar, kan kujerar roba, yana kallon wurin da babu komai. Wayar caji na rataye a bango. A kusurwa akwai wani abu babba lulluɓe da tamfol.

"Mene ne wancan, Baba?"

"Tsohon injin. Na kasa sayarwa."

"Lokacin da take shan mai, cike kake barin ta?"

"Ina. Tankin yoyo yake yi. In na dawo sai in zuƙe man in juye a jarka. Duk mai son fita da ita sai ya zo da mansa. Yarana sun sha yi mini dariya."

"Yara nawa?"

"Biyu. Macen tana nesa da mijinta, amma tana kira. Ta waya na sa ta saurari motar. Ta ce, Baba, ban ji komai ba. Na ce, to, ai ita ke nan."

"Wa da wa ka gaya wa an canza ta?"

"Duk wanda ya shigo gidan nan na gaya masa. Har mai karanta mitar wuta."

"Wane ne bai shigo ba?"

Tsoho ya ɗauki gefen rigarsa yana goge tabarau, ya goge, ya sake gogewa. Sufeto ya gane tsohon ya riga shi sanin wanda ya yi, tun da shi ma ya ji warin fetur.

"Ku saki bakaniken," in ji tsoho daga ƙarshe. "Yaron kirki ne."

A ofis Sufeto ya sa babban ɗan ya zauna, ya ajiye narkakkiyar jarkar a kan tebur tsakaninsu.

"Yaushe rabonka da gidan mahaifinka?"

"Ayyuka sun yi yawa. Amma muna waya."

"Yaushe ka ji an mai da motar ta lantarki?"

"Tuntuni."

"Wa ya gaya maka?"

"Baba."

"Ina aka ajiye tsohon injin?"

"An sayar, ina ji."

"Yana rumfa, ƙarƙashin tamfol. Ka wuce ta gefensa yau." Sufeto ya jingina. "Bari in gaya maka abin da na gani. Ɓarawon titi ba ya sanin gwangwanin shayi, kuma ba ya zuwa sata da jarkar mai, yana zaton akwai a tanki. Wanda ya zo ya san tankin nan fanko ake barinsa. Ya san ƙarar injin tana tayar da layi, shi ya sa ya tura ta har gangare don kada mai gida ya farka. Ya san motar ciki da waje, amma saninsa ya tsaya tun kafin bara. Bakanike ba zai tura motar da ba ta ƙara ba, ba zai zuba fetur a kan soket ɗin da ya dasa da hannunsa ba. Mai girki ta sani. Tela ya sani. Ƙanwarka da ke nesa ta sani. A duk waɗanda suka san gidan, mutum ɗaya ne bai sani ba."

"Wannan zato ne kawai."

"Ka buɗe murfin cikin gaggawa, ka kafa bakin jarka ba ka duba ba. Man ya gangara kan wayoyi. Ka murɗa makulli ba ka ji ƙara ba, ka yi ta murɗawa, har tartsatsi ya tashi. Da jama'a suka taru ka ji suna maganar batir, nan ka fara sanin abin da ka ƙona, nan kuma ka sami wanda za ka jingina wa. Fito da hannunka daga aljihu."

Bai motsa ba. Kofur ya matso, sai ya fito da shi. An naɗe shi da tsumma, fatar yatsun ta saluɓe.

Babban ɗan ya ce wani mai tara tsofaffin motoci ne ya daɗe yana binsa ya sayar masa da motar. Ya ce ai gadonsa ce ko ba jima ko ba daɗe. Sufeto ya ce gado sai mai shi ya mutu, kuma mai shi yana rumfa a zaune.

Kada kowa ya ce mini tsautsayi ne. Uban ya kira shi ranar da aka gama aikin, yana ɗokin ya ba shi labari, bai ɗaga ba. Ya sake kira washegari, bai ɗaga ba. Da ya taɓa leƙawa ya gaishe shi, ko da a tsaye ne, da tsohon ya kama hannunsa ya kai shi rumfa ya nuna masa komai, kamar yadda ya nuna wa mai karanta mita.

Da yamma aka saki bakaniken. Bai tafi gida ba, ya bi Sufeto gidan tsoho, ya ja kujera ya zauna gefen tsohon. Sufeto ya faɗi abin da ya faru a taƙaice. Tsoho ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan wayar cajin da ke bango.

"Can inda za a kai shi," ya ce, "wace rana ake bari a ziyarci mutum?"

Kotu ta sami babban ɗan da laifin sata, da ɓarna, da ƙazafi. Ta ɗaure shi shekara uku, babu zaɓin tara.