Rabon Mutanen Laka

Da la'asar sakaliya muka naɗe taru, ni da mijina Firmino, muka juya ɗan kwalekwalenmu zuwa garinmu, Cururupu. Ya ce mu yanke ta mashigar Makaho, wadda ke ratsa dajin bakin teku. Na ce masa ruwan teku ya fara janyewa kamar yadda ya saba, mu bi ta waje.

"Zuleide, ni aka haifa a cikin jirgi ko ke?"

To, namiji da taurin kai, ta mashigar muka bi. Ba mu yi nisa ba jirgin ya zauna daram a kan laka. Firmino ya dira cikin ɗan ruwan da ya rage zai tura, sai na ji ihu. Kunamar ruwa ce, kifin nan mai ƙayar dafi a wutsiya, ta soke shi a idon sawu.

Da kyar na jawo shi ciki. Mutumin da ke zare ƙugiya daga tafin hannunsa yana fito, ga shi yana birgima yana kiran uwarsa. Kowa a garinmu ya san maganin wannan dafi: ruwan zafi, a tsoma ƙafar har ya saki.

Na jawo akwatin katakon da muke ɗaure risho a ciki don kada ya kife. Ɗan risho ne na sifirit, shi muke dafa kifi da gahawa a kai. Na ɗaga kwalbar sifirit ɗin. Abin da ya rage bai wuce ya tafasa tukunya ɗaya ba.

A mashigar nan ba a cika risho sai an fara cika murfin kwalba an zuba a laka. Rabon waɗanda ruwa ya ci ne a wurin. Surukata ta ce sanyi suke ji, kuma warin sifirit yana tashe su, in ka ba su nasu sai su koma. Na buɗe murfin. Firmino ya damƙe min hannu.

"Juye duka a risho."

"Rabonsu fa?"

"Su sun riga sun mutu, mace! Ni ne nake mutuwa yanzu!"

Na juye duka. Duk wadda ta ce da ita ce da ta zuba a laka, ba ta taɓa jin mijinta yana irin wannan kuka ba.

Na ƙyasta ashana. Wutar sifirit ba a ganinta da sauran hasken rana, don haka na miƙa zaren kaba a bakin rishon. Ya ƙone. Na ɗora tukunya da ruwan shanmu, na durƙusa ina jira.

Ƙaguwa na ta ƙas-ƙas a jikin saiwoyi. Laka na fitar da kumfa, da warinta na ruɓaɓɓen ƙwai. Sauro ya fara kuka a kunnena. Na tsoma yatsa a tukunya.

Sanyi ƙalau.

Na sake gwada zaren kaba. Ya ƙone. Wuta na ci, ruwa bai ko yi ɗumi ba.

"Ya yi?" in ji Firmino.

"Saura kaɗan," na ce masa.

Sai ƙaguwar ta yi tsit. Sauro ma ya ɗauke. A cikin shirun na ji taku daga wajen itatuwa, irin na mai zaro ƙafa daga laka mai zurfi. Caɓ. Shiru. Caɓ. Na duba, ba kowa. Takun bai tsaya ba, har ya zo gefen jirgi.

Jirgin da ke zaune a ƙasa ya ɗan karkata.

Rana ta faɗi, wutar ta fara bayyana, shuɗiya. Ba ta miƙe ƙarƙashin tukunya ba. Kwance take, ta karkata gefe guda, alhali ko ganye ba ya motsi.

A nan na ga hannuwan.

Guda biyu, a buɗe a gaban wutar. Laka har wuyan hannu. Fatar yatsun ta yamutse kamar ta mai wankin da ta wuni a ruwa. Wasu biyu suka shigo kusa da su. Sai wasu, ƙanana. Ban ɗaga kai ba. Wuyana ya ƙi, kuma na gode masa.

"Firmino," na ce a hankali, "kada ka juyo."

"Su ne?"

"Su ne."

Na lalubo kwalbar, na kife ta a bakin jirgi ina girgizawa. Ko ɗigo bai fito ba.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri," na ce cikin raɗa. "Gobe kwalba guda zan kawo muku, cike. Ku bar min ruwan nan ya yi zafi. Mara lafiya gare ni."

Sai ƙarar haƙora suna haɗuwa, da yawa, kewaye da ni. Ba mugunta na ji a wurinsu ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Sanyi kawai suke ji. Ba yadda za ka yi da mai jin sanyi irin wannan.

Wutar ta ƙanƙance. Ta yi rawa. Ta mutu.

Duhu. Warin sifirit da laka. Katakon jirgi ya yi ƙara, nauyi yana matsawa daga wurin risho zuwa baya, inda mijina ke kwance jikinsa na zafin dafi.

Nishinsa ya tsaya.

"Zuleide," ya ce, muryarsa har da daɗi, "zafin ya tafi."

Na kai hannu ƙafarsa. Sanyi kamar kifin da aka fito da shi yanzu. Kuma a kan ƙafar na taɓa wasu yatsun.

Na faɗa kansa, na rufe shi da jikina. Na yi addu'a, na yi zagi, na kira uwata. Hannuwan suka bi ta bayana, ta ƙarƙashin hammatata, suka wuce ni kamar ba na nan. Ina jin ƙirjinsa yana hucewa a ƙarƙashin nawa. Ba abin da zan ture, ba abin da zan doka.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji ruwa yana lasar gefen jirgi. Teku ta dawo. Jirgin ya ɗaga, nauyin ya sulale ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki gora na tura, ban waiwaya ba har na hango fitilun gari.

Firmino ya rayu. Raunin ma ya warke da wuri, har ma'aikaciyar asibiti tana mamaki. Na kai kwalbar da na yi alkawari, na juye ta a mashigar, amma Firmino bai sake yin gumi ba. Da tsakar rana yana zama a rufe da bargo, yana ce min gari ya canja.

Yanzu a gidan maƙwabciyata Dona Cotinha nake girki, domin tukunya ba ta tafasa a gidanmu in yana ciki. Shi yana zaton hira ce ke kai ni. Da dare yana rungume ni, ya ce ni kaɗai ce mai ɗumi a duniya. Kullum da safe gefen jikina da ya taɓa sanyi ƙalau yake tashi, yana daɗewa kafin ya dawo daidai, yau kuwa har azahar bai dawo ba. Ban gaya masa ba.