Ƙashin da Aka Yi wa Bisimilla

Ana gab da kiran magariba, Hansatu tana kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin ƙarshe. Ba ta ko ɗaga kai ba. A Safana, wadda ta saba jin bindiga daga daji, ba dutse ne zai sa ta ajiye mara ba. Wani ya sake sauka, wani ya bi shi. Maigidan, Malam Ashafa, ya leƙa bayan katanga da buta a hannu. Ba yaro, ba akuya.

Haka aka dinga yi kullum rana ta yi ja, kuma kan ɗaki guda.

Ga abin da ke ɗakin. Ashafa mutumin Batsari ne, malamin kimiyya a wata sakandare ta wajen Tsaskiya. Da 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantar, sai ya naɗe ƙwarangwal ɗin da ake koyarwa da shi cikin buhu, ya ɗora a babur ya kawo gida, ya rataye a ƙusa a ɗakin, wai kayan gwamnati ne, kada a lalata. Kowa yana ceton dawa da awaki, shi ƙashi ya ceta! Hansatu ta yi faɗa har ta gaji. "Ke dai, roba ce," in ji shi. Haka aka gaya masa, haka ya ɗauka.

'Yarsu Naja'atu ce ta yi murna, don tana shirin jarabawar makarantar koyon jinya. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta taɓa komai sai da sunan Allah. Kowane ƙashi ta ɗora wa yatsa sai ta ce Bisimillahi, sannan ta faɗi sunansa da Turanci.

Sannu a hankali ta daina cin nama, daga baya ta daina cin komai. Magana ta ɗauke. In aka neme ta sai a same ta zaune a ƙofar ɗakin, ta juya masa baya, kamar mai gadin banɗakin da wani ke wanka a ciki. Iyayen ba su yi kuka ba. Tsoro ya riga ya ƙare musu tun bara. Suna dai kallonta tana ramewa.

Ranar da ta buɗe baki da muryar tsoho ta ce, "Ku rufe ta," aka aika garin Zakka a ɗauko Malam Muntaka mai ruƙiyya.

Ya iso bayan la'asar. Aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, ya zauna kan tabarma ya fara karatu a kunnenta. Bai yi nisa ba jikinta ya sandare, muryar tsohon nan ta fito.

"Malam, sassauta. Musulmi ne ni."

"Musulmi ne yake shiga jikin 'yar mutane?"

"Musulmi ne yake rataye gawa a ƙusa?"



"Kai ka san ƙa'ida," muryar ta ci gaba, a gajiye. "Duk ƙashin da aka ambaci sunan Allah a kansa rabon aljanu ne, mukan tarar da shi cike da nama. Ina wucewa na ji yarinya tana ta Bisimilla a kan ƙashi. Na kira iyalina mu ci abinci. Muka shiga, nama ya dawo. Mace ce, Malam. Na ga fuskarta. Tun ranar 'ya'yana ba su iya haɗiye komai ba."

"Roba ce," in ji Ashafa, ƙasa-ƙasa.

"Buɗe bakinta. Roba tana ciwon haƙori?"

Ya shiga, ya ɗaga muƙamuƙin. Can ciki akwai haƙori mai rami, baƙi, irin wanda ke hana mutum barci. Nan ya tuna abin da ya karanta tun yana kwaleji: kafin a fara yin na roba, na gaske ake sayarwa. Gawarwakin talakawan Indiya da ba mai nema, a wanke ƙashin, a haɗa da waya, a tura makarantun duniya. Ya san wannan sarai. Ya ci jarabawa a kai ma. Bai dai taɓa leƙa bakin wadda ya yi shekaru yana nunawa da sanda ba.

"Me kake so?" Malam Muntaka ya tambaya.

"A cire mata wayoyi, a binne ta."

"Malam, kayan gwamnati ne," in ji Ashafa. "In an buɗe makaranta ni za a tuhuma. Aikina…"

"Gwamnatin ce ta haife ta?" Hansatu ta katse shi. Ba ta ko ɗaga murya ba. "Baban Naja, dubi wuyan 'yarka."

Ya duba. Ya gyaɗa wa Malam kai.

"Ka fita yanzu," Malam ya ce wa aljanin. "Binnewa gobe da safe, na ɗauka a wuyana."

"Sai an suturta ta. Ta gaji da idon maza."

Hansatu ta miƙe, ta cire mayafinta ta shiga ɗakin, ta ja ƙofa. Naja'atu ta yi atishawa, ta zube a tabarma. Da ta farka, ruwa ta nema, da muryarta.

Washegari Ashafa ya miƙa filaya ta bakin ƙofa, uwa da 'ya suka warware wayoyin a ciki. Naja'atu ce ta jera kowane ƙashi a muhallinsa cikin likkafani, don ita kaɗai ta san inda kowanne yake. Malam ya ce ba za a yi salla ba tunda ba a san addininta ba, amma ƙasa ba ta ƙin kowa. Aka haƙa mata a gefen maƙabarta. Ba ta fi nauyin damin kara ba.

Suna dawowa suka haɗu da maƙwabcinsu Alu mai shayi. Ya ga ƙasa a hannuwansu, ya cire hula.

"Subhanallahi, Malam, rashi aka yi ban ji ba? Wa ya rasu?"

"Wata baƙuwa ce."

"Allah ya jiƙanta. Yaushe?"

Ashafa ya kakkaɓe tafinsa.

"Ta jima," ya ce.