Tsatsar Motar Malam Ilu

Tururuwan ƙarfen suka fito daga akwatinsu a jere, sun fi dubu goma, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba. Suka haye jikin motar suna ƙis-ƙis-ƙis, suka shige ƙarƙashinta, babu lungun da ba su leƙa ba. Kafin minti biyar allon da ke hannun Injiniya Sabi'u ya yi ƙara, hoton motar ya fito, kusan ko'ina ja.

"Duk inda ka ga ja ɗin nan, tsatsa ce," in ji injiniyan. "Kashi sittin cikin ɗari. Ƙasan ya tafi, shasin da ke ɗauke da ita ya ruɓe. Nafi'u, fenti ne kawai ke riƙe da ita."

Nafi'u autan Inna Tasalla ne, ƙato da shi, shekara talatin da huɗu, yana aiki a tashar jiragen haya masu tashi ta Funtuwa. Motar kuwa ta ubansa ce, marigayi Malam Ilu mai gyaran bodi. Motar tsere ce ƙirar Italiya, kujera biyu, babu rufi, ta haura shekara ɗari. Malam ya jawo ta tsakar gida wai zai gyara, har Allah ya karɓi ransa bai gama ba. Damina ashirin da biyar ta sauka a kanta.

"Amma za ta gyaru?" Nafi'u ya tambaya.

"Za ta gyaru. Tambayar ita ce ko ya kamata."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan!" Inna Tasalla ce ta ɗago murya daga rumfarta, ta kashe injin markaɗe tana goge hannu da zani. "Faɗa masa dai. Ni na faɗa har bakina ya gaji."

A shekarar 2094 mutanen da ke saman benaye ba sa girki. Maɓalli suke dannawa na'ura ta zubo musu abinci. Amma ƙosan na'ura ba ya tashi, alalarta kamar roba, don haka matan unguwa ba su fasa kawo wake da gero da tattasai wajen Inna ba. Injinta kaɗai ya rage a duk garin, an daina ƙera irinsa tun tuni. Ya yi tsatsa, ya sha faci, in ya tashi har maƙwabta sai sun sani. Da shi ta aurar da 'ya'ya biyar, da shi take ciyar da jikoki uku da babbar 'yarta ta rasu ta bari, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

"Inna, ranar Asabar za a yi bikin tsofaffin motoci a Kaduna," in ji Nafi'u. "In aka ga wannan, sunan Baba zai fito a duniya."

"Sunan babanka addu'a yake so, Auta. Ka je ka yi masa sadaka. Mota mai kujera biyu! Ko buhun masara ba ta ɗauka. Shi ma da ya kawo ta sai da muka yi sati ba ma magana."

"Ba za ki gane ba, Inna."

"Eh, ban yi boko ba. Amma na san abin da ya mutu."

Injiniya Sabi'u ya yi gyaran murya ya yi bayani. Su tururuwan nan tsatsa suke ci, su tofa sabon ƙarfe a gurbinta. Sai dai abin da ya ruɓe ya zube ba ya dawowa, dole a ba su ƙari, wasu sanduna da ake kira abincin tururuwa. Ƙarfe kuwa ya yi wuya tun da aka cika garin da dogayen benaye, sai mutum ya bi layi wata biyu.

"Wata biyu? Asabar fa na ce!"

"Akwai wata hanya, amma ba na son ta," in ji injiniyan. "Ana iya sa su su ci na kusa. Duk ƙarfen da tsatsarsa ta wuce kashi talatin, shara ne a wajensu, za su kwashe su zuba a motar. A gareji muke yin haka, inda babu komai sai tarkace. Ka yi haƙuri ka jira sandunan."

Ya bar akwatin a gidan saboda su abokai ne tun firamare, ya ce kada a taɓa. Ai kuwa kamar ya ce a taɓa.

Ranar Alhamis Nafi'u ya bi 'yan jari-bola ya tara tulin tsofaffin ƙarafa kusa da motar, ya dube su ya ce sun isa. Bai auna ba, bai tambayi kowa ba. Ranar Juma'a Inna ta rufe inji da hantsi kamar kowace Juma'a, ta lulluɓe shi da buhu, ta kwashi jikoki suka tafi gaishe da yayarta. Tana fita ya buɗe akwatin, ya danna inda aka hana shi. Ya tsaya yana kallo ramukan jikin motar suna cikewa kamar ana ɗinki, har da tafi. Da aka yi kiran salla ya saka babbar riga ya tafi masallaci, ya bar su suna aiki.

Tulin nan ko rabin aikin bai kai ba. Da ya ƙare, tururuwan suka bazu tsakar gida suna nema. Na'ura dai ba ta san gidan talaka ba. A gidan talaka wane ƙarfe ne ba shi da tsatsa? Ba ta tambaya ko ana amfani da abu, lissafin tsatsa kawai ta sani. Suka cinye murhu, suka cinye bokitin faci, suka shige ƙarƙashin buhu.

Bayan la'asar Inna ta dawo, mata shida na binta da bokitan wake jiƙaƙƙe. Suka tarar da Nafi'u tsaye, motar na gabansa ja wur, tana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kanta. Shi kuma fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Inna ba ta ko kalli motar ba, ta wuce rumfa ta ɗaga buhun.

Katakon gindi ne kawai, sai bel ɗin roba a naɗe a ƙasa, sai tabon baƙin mai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku. Sannan ta juyo. "Auta, ina injina?"

Ya nuna motar da hannu.

Aka kira Injiniya Sabi'u, ya sauko daga jirgin haya da gudu, hula a hannu.

"Ɗan nan, ba faɗa zan yi da kai ba," in ji Inna. "Ka sa ƙwarin nan naka su mayar mini da abina. Yadda suka ɗauka su ajiye."

"Inna, ba sa cin ƙarfe mai lafiya, sai mai tsatsa. Kuma sun shafe ta da wani sinadari. Motar nan ba za ta sake tsatsa ba nan da shekara ɗari biyu."

"Shekara ɗari biyu! Kun iya raya gawa, ba ku iya gane mai rai ba? Duk karatun naku, babu wanda ya ce a koya wa abin nan ya tambaya, wannan na waye? Akuyata ma in na daka mata tsawa tana barin kwano!"

Wata daga cikin matan, Lantana mai ƙosai, ta ce a hankali, "Inna, waken fa zai yi tsami."

Inna ta share ido da gefen mayafi, ta gyara ɗaurin zani. Ita ba ta iya zama da baƙin ciki alhali aiki na jira.

"An ce akwai mai inji ɗaya a Bakori. Auta, kwashi bokitan nan ka zuba a motar taka. Tunda ta tsere ce, ka je ka dawo kafin magariba. Amanar mutane ce."

Nafi'u ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake!"

"Inna, ba ta tafiya. Fetur take sha, an daina sayar da shi tun kafin a haife ni. Dama ɗaukarta za a yi a kai Kaduna."

"A kai ta ta yi me?"

"A kalla."

Sai Inna Tasalla ta juya wajen matan da ke tsaye da bokitai, da jikokinta uku da suka raɓe a bayanta.

"To, kun ji," in ji ta. "Ku matso ku kalla. Abincin daren ke nan."