Auduga a Hannun Aminin Ango

"Naɗe hannun rigarka!"

Auta ce ta daka tsawar, tef ɗin awo a hannunta. Dogo, wanda saura ƙiris a ɗaura musu aure, ya yi yaƙe.

"Haba masoyiyata, a gaban mutane?"

"Na ce ka naɗe!"

Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: kowa ya je gwajin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Ita ta je. Shi ma ɗazu ya shigo shagon ɗinkinta yana washe baki, wai da safe aka ɗebi jininsa, lafiya lau. Har da amininsa ya taho a auna su kayan biki. Tana ɗora tef a hannun aminin sai ga auduga manne da filasta.

Dogo ya naɗe. Fata sumul, ko cizon sauro babu.

"Shi ka tura da sunanka? Jininsa zan aura?"

Aminin ya sulale ko sallama babu.

Kan ka ce kwabo magana ta kai gida, sai ga mahaifiyar Dogo tana huci.

"Ke yarinya, ɗana kika mayar ɗan iska? Kaf danginmu ba a taɓa wannan tonon silili ba!"

"Umma, ni ma 'yar mutunci ce, kuma na miƙa nawa hannun."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Umma, bari... Auta, tsoro nake ji. Kafin in san ki na yi wauta. In aka ga wani abu guduna za ki yi."

"Au! Gara ka shafa min in zauna?" Hawaye suka ɓalle wa Auta, don tana son shi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. "Ciwo ana neman maganinsa, Dogo. Ƙarya fa?"

Umma ta ja mayafinta.

Washegari Auta ta rufe shago, ta tasa shi gaba har asibiti, a gaban idonta aka soka masa allurar. Sakamako ya fito: ciwon sanyi ne. Likita ya ce zai warke, amma a ɗaga biki sai an sake gwaji.

A bakin ƙofa Dogo ya tsaya.

"Shi ke nan... na rasa ki?"

Ta watsa masa harara.

"Sha maganinka, malam! Ban huce ba, ba kuma yau zan huce ba. Ka warke tukun, a gidanka zan ƙarasa fushin."