Famfon Babana a Hanyar Jajce

Muna dawowa daga kallon magangarar ruwan garin Jajce, rana ta faɗi, matata Zumreta ta ce in tsaya in ɗebo mata ruwa a famfon bakin hanya. Ni na gina shi sadaka ga marigayi babana, amma shekara tara ban leƙo ba.

Na tarar ya ƙafe, ciyawa ta rufe sunan babana da ke rubuce a jikinsa. Wani tsoho na tsaye da kofi, ya ba ni baya.

"Baba, babu ruwa ne?"

"Tunda ya ƙafe, ba mai tsayawa ya yi Fatiha," in ji shi. "Kai kuma ka tafi kallon ruwan wasu."

A ƙurar wurin babu sawu sai nawa. Tsohon ya yi tari sau biyu, irin na babana. Na kasa ɗago kai.